Wa Ke Riƙe da Makullin Ɗakin Magani?

Kafin in ce kome, ina neman ahuwa daga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin na san wannan mujalla tamu ta fi sabawa da nazarin waƙa da zube da karin magana, ga shi kuwa ni na ɗauko maganar asibiti. A yi mini haƙuri, tarihi ne zan bayar, kuma tarihin ƙasarmu ne, watau Rabah da Wurno da Goronyo.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da baffana ya yi mini a zaurensa a Rabah, ran da na je yi masa sallama zan koma jami'a neman babban digiri a fannin tafiyar da harkokin kiwon lafiya. Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, in ka gama allura za ka riƙa yi, ko fiɗa?" Na ce, "Ko ɗaya, Baffa." Ya ce, "Magani za ka haɗa?" Na ce a'a. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah! Ashe akwai karatun asibiti wanda babu marar lafiya a cikinsa." Mutanen zaure suka yi dariya, ni ma na taya su, amma na tashi ban ba shi amsa ba, don a lokacin ba ni da ita. Sai daga baya na gane ashe amsar tana cikin tarihin garinmu, tun daga kan kabarin da ke Wurno.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837. Shi ya gina Wurno ta zama ribaɗi, a can ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa, a can ya rasu, kuma a can aka rufe shi. Yawancinmu mun san shi da yaƙi da kuma Infaƙul Maisuri, amma kaɗan ne suka san ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani. Yana da littafi a kan ciwon ido, da wani a kan basir, da wasu a kan magungunan da aka ruwaito daga Manzon Allah (tsira da aminci su tabbata a gare shi). Ismail Abdalla ya yi nazarinsu a wani littafi da ya fito a 1997. To, ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne abin da ya faru a 1824, sa'ad da Baturen nan Kyaftin Clapperton ya iso Sakkwato. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da wakili da kuma likita wanda zai zo ya zauna. Mai karatu ya lura, mutumin da ya nemi wannan shi kansa masanin magani ne, yana da littattafai, yana da wanzamai da maɗora da ungozomomi a ƙasarsa, kowace sana'a da shugabanta. Duk da haka ya ga akwai giɓi, ya san irin ma'aikacin da zai cike shi, ya kuma san inda zai nemo shi. Wannan shi ne abin da a ajinmu muke kira tsara ma'aikata, har a yi mana jarrabawa a kansa.

Turawa kuwa sun amsa. Da Clapperton ya sake tahowa a 1825 ya zo da likitoci biyu. Dokta Morrison ya mutu tun ba su yi nisa da bakin teku ba, Dokta Dickson kuma ya biyo ta Dahome, ya nausa arewa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Clapperton kansa ya rasu kusa da Sakkwato cikin watan Afrilu na 1827. Likitan Bello dai bai iso ba. In ka tambayi duk wani mai kula da ma'aikatan lafiya a gabashin Sakkwato zai gaya maka har gobe tura likita abu ɗaya ne, ya iso ya zauna kuma wani abu ne daban.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. A farkon zamaninsu likitan gwamnati na Turawa ne da soja da ma'aikata, talaka bai san ƙofarsa ba. Sai wajen 1930 aka shiga buɗe ɗakunan shan magani na En'e a manyan garuruwan hakimai, ana biyan malamin asibiti da kuɗin magani daga baitulmali, watau daga haraji da jangalin da talakawa suka biya. A 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano, inda ake horar da duba-gari. A 1937 kuma aka danƙa wa 'yan mishan na Sudan Interior Mission kula da sansanonin kutare na larduna, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. En'e na ba da kuɗi, mishan na ba da ma'aikata.

Yanzu ga wata daidaituwa da ta ba ni mamaki ran da na gano ta. A 1934 aka naɗa wani saurayi ɗan shekara 24 Hakimin Rabah, bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya yi koyarwa a Midil ta Sakkwato. Sunansa Ahmadu, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello. Shi ne ya zama Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. To, a wannan shekara ta 1934 ce Jami'ar Shikago a Amurka ta fara ba da babban digiri a kan tafiyar da asibiti, a ƙarƙashin Michael Davis, kuma ita ce ta fara a duniya. Can an ga asibiti ya yi girman da likita ba zai iya haɗa duba marasa lafiya da lissafin kuɗi da sayen kaya da sallamar ma'aikata ba, sai aka mai da wannan aiki ilmi mai zaman kansa. Nan kuwa aikin ya faɗa a kan rawani. Ko wane hakimi na wancan zamani shi ne manajan lafiyar ƙasarsa, ko da yake babu wanda ya kira shi haka. In agana ko sanƙarau ta ɓulla a wani ƙauye, mai unguwa zai gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, hakimi ya sanar da Sarki da Di'o. In masu lamba za su zo, hakimi ne zai sa a yi shela a tara mutane. Rijiyar gari da mahauta da kwatar kasuwa duk a wuyansa suke. Ya san yawan mutanensa gida gida, domin shi ke riƙe da littafin haraji.

Kada a ɗauka ina yabon tsarin ne gaba ɗaya. Da tilas ake tafiyar da shi. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda mata kan ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an ce ga masu lamba, da yadda ake rawar jiki in duba-gari ya leƙa randa, saboda tara. Amma abu ɗaya ba za a ƙwace masa ba: in an yi sakaci an san wanda za a kama.

Shi Sardauna ya san darajar koyon mulki a aji, domin a 1948 an tura shi Ingila ya karanci tsarin ƙananan hukumomi. A zamaninsa makarantar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta bunƙasa, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, kuma a 1967, bayan rasuwarsa, jami'ar ta sami cibiyar lafiya mai kula da asibitocin koyarwa. A ganina a nan aka yi rabuwar da muke fama da ita. Ana koyar da mulki a wani aji, ana koyar da likitanci a wani, ɗaliban ba su haɗuwa sai ran da aka tura su asibiti ɗaya, wannan bai san abin da ake nufi da jini ya ƙare ba, wancan bai san yadda ake rubuta kasafi ba.

Kawar da agana ita ce babbar shaida a kan abin da tsari ke iya yi. Tun 1796 Edward Jenner ya gano lambar agana, amma cutar ta ƙara shekara 170 tana makantar da mutane tana ɓata fuskoki a ƙasar Hausa. Gangamin da aka fara a 1967 bai zo da sabon ilmin magani ba. Ya zo da ruwan lamba busasshe wanda zafi ba ya saurin kashe shi, da bindigar allura, da motoci da mai, da ma'aikata masu jadawalin zagaye. Ya kuma zo da dabarar da Dokta William Foege ya gwada a ƙasar Ogoja a ƙarshen 1966, lokacin da ruwan lamba ya yi masa ƙaranci, watau a nemo inda cutar take a yi wa na kewaye da ita lamba, maimakon a bi kowa da kowa. Kafin ƙarshen 1970 agana ta ƙare a Nijeriya.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a guje. Shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, ya zo da gine-ginen asibitocin karkara da kuɗin man fetur, da yawansu aka gama ginin ba a tanadi mai aiki a ciki ba. Gyaran 1976 ya rushe En'e, ya kawo ƙananan hukumomi, ya zare hannun hakimi daga aikin yau da kullum. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince da kiwon lafiya matakin farko. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki abin da gaske, ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji a 1986, kuma manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 ta raba aiki uku: manyan asibitocin koyarwa na Tarayya, na tsakiya na jiha, ɗakunan shan magani na ƙaramar hukuma. A takarda rabon ya yi kyau. A aikace an ɗora kaya mafi nauyi a kan wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi da ƙwararru. Ga kuma tsuke bakin aljihu da ya fara a 1986. Shirin Bamako na 1987 ya ce a sayar da magani da ɗan sauƙi a riƙa juya kuɗin ana sake saye, dabara ce mai kyau in akwai mai riƙe littafi da amana, inda babu kuwa sai uwar kuɗin ta narke, a koma rubuta wa mutum takarda ya tafi kemis.

A nan zan faɗi abin da ya sa tambayar Baffa ta tsaya mini a rai. Ina sakandare, wani dare cikin damina, naƙuda ta kama matar yayana. Muka kai ta wani ɗakin shan magani a ƙasarmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Mun tarar da ungozoma, mace mai sanin aikinta, ta karɓi haihuwa lafiya, namiji. Can sai jini ya ɓalle. Allurar da ke tsayar da irin wannan jini tana nan a ginin, mun san tana nan, amma a cikin ɗakin ajiya, ɗakin kuwa a kulle, mai makulli ya tafi hedikwata tun da rana bin albashinsa na watanni, ruwa ya tare shi a can. Kafin mu sami abin ɓalle ƙofar lokaci ya tafi, motar da aka ajiye don irin wannan rana kuma babu mai a cikinta. A motar haya muka nufi Sakkwato, ba mu isa da ita da rai ba. Allah ya jiƙanta. Mun ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma na daɗe ina lissafin abin da aka rasa a daren nan. Akwai magani, akwai mai sani, akwai gini, akwai mota. Ban kuma taɓa ganin laifin mai makullin nan ba, don shi ma yana da iyali.

Sai da na shiga wannan karatu na tarar masana sun riga sun ba abin suna. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu 'yan boko mun fi son maganar na farko, domin yana ba mu damar zargin ƙauyawa da duhun kai. Na ukun namu ne, shi ya sa ba a cika jin sa a taro ba.

Ƙasarmu kuma tana da nata halin da babu littafin Turai da ya san shi. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, tana iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 942 a ma'aunin murabba'i mai zurfi. Alherin ruwan nan ba ya ɓoyuwa, kowa ya ga shinkafa da albasa da tafarnuwar fadamun Wurno da Goronyo ya san haka. Amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro ke hayayyafa, nan kuma katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ke zama, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai araha, wahalar ita ce a kai ta makarantun boko da na allo a kan kari, shekara bayan shekara. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Rima ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Yuli na 2018 kuma 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni a ƙasar Gandi, suka kashe mutum fiye da 30, jama'a suka yi gudun hijira. Wanda aka ba riƙon lafiyar irin wannan ƙasa dole ya san wace hanya ce ke yankewa a watan Agusta, ya kai kaya tun a Yuni, ya san yadda zai riƙe ruwan rigakafi tsakanin awo 2 da 8 na sanyi a garin da babu lantarki, ya kuma san abin da zai gaya wa ma'aikaciyar da ta ce tana tsoron kwana a wurin aikinta.

Labarin shan-inna ya isa darasi. Bayan ƙauracewa rigakafin da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003, ba a ga haske sosai ba sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka koma bin tsohuwar hanya daga sarki zuwa hakimi zuwa mai unguwa. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Ashe abin da gyaran 1976 ya ajiye gefe sai da aka dawo aka ɗauka. Amma a dubi ɗaya ɓangaren. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yaran Jihar Sakkwato da suka sami cikakken rigakafi na yau da kullum kimanin kashi 5 ne cikin 100, alhali a Anambara kashi 76 ne. Mun iya gangami na kwana huɗu gida gida, da kuɗin waje da motoci. Abin da ya gagare mu shi ne uwa ta zo ran Talata ta tarar da ƙofa a buɗe, firji da sanyi, ma'aikaci a zaune, ta kuma dawo wata mai zuwa ta tarar da haka.

Wa ya kamata ya shugabanci asibiti? Wannan gardama ce tsohuwa. A Ingila, a 1983, gwamnati ta ɗauko Roy Griffiths, manajan manyan kantunan Sainsbury's, ya binciki hukumar lafiyarsu, ya ce a naɗa manaja guda mai ɗaukar alhaki a kowane mataki, ko daga wane fanni ya fito. Mu kuwa Dokar Soja mai lamba 10 ta 1985 ta ce shugaban asibitin koyarwa sai likita, daraktan mulki yana ƙarƙashinsa, kuma wannan na cikin abubuwan da ke hura wutar rikici tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya. Ni ban damu da wanda ya hau kujerar ba, in dai ya zauna ya koyi aikinta. Iya fiɗa ba ya sa mutum ya iya kasafi, kamar yadda iya kasafi ba ya sa a ba shi wuƙa.

Yanzu buƙatar ta ƙara tsananta, domin kuɗi sun fara sauka ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018, kuma wani kaso nasa yana shiga asusun banki na ɗakin shan magani kai tsaye. Ke nan mai riƙon ɗan asibitin ƙauye ya zama mai tsara kashe kuɗi, mai ajiye rasit, mai zama da kwamitin mazaɓa. Abin da muke karantawa ke nan a aji: kasafi, da ƙididdigar cututtuka, da tattalin arzikin lafiya, da dokar aiki, da yadda ake saye da ajiye kaya kada su ƙare kada kuma su lalace.

Sai dai ina da ƙorafi a kan karatun, kuma a gaban malamaina zan faɗe shi. Misalan da ke cikin littattafanmu na asibitoci ne masu gado ɗari biyar a Amurka da Ingila. Mu ɗalibai kuma, in lokacin rubuta kundi ya yi, sai mu raba takardun tambaya a asibitin koyarwa da ke kusa da ɗakin kwananmu, don zuwa Gandi ko Shinaka akwai wahala da tsoro. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Ga kuma maganar harshe, wadda ta shafi wannan ƙungiya tamu kai tsaye. Shugaban kwamitin mazaɓa, dattijon da ya iya lissafin buhun albasa har Legas ba tare da biro ba, ana miƙa masa takardar kashe kuɗi da Ingilishi ya sa hannu. Yaya zai tsare amanar da bai iya karantawa ba? Fassara waɗannan takardu zuwa Hausa, da boko da ajami, da daidaita kalmomin aikin, ya isa kundin digiri ga ɗalibin Sashen Hausa, kuma ina roƙon wani a cikinku ya ɗauka.

Da na koma gida hutu na sami Baffa a zaure, na ce na zo da amsar tambayarsa. Na tuna masa daren nan, domin shi ya yi mata salla. Na ce kundina a kan haka zan rubuta shi: in bi ɗakunan shan magani na Rabah da Wurno da Goronyo in tambaya, in dare ya yi, wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiya, ina yake kwana, wa ke karɓa in ya yi tafiya. Ya daɗe yana kallon tabarma. Sa'an nan ya ce, "Kafin ka fara, ɗana, ka biya ta kasuwa ka tambayo nawa ake yanka makulli na biyu. Ka rubuta kuɗin a shafin farko, inda malaman naka za su gani."